Jan Tubalin Soba

Wata Laraba ce, mako biyu bayan an gama tsinkar auduga, a shekarar da na shiga aji huɗu, lorin gawayin da muka hau ya tsaya cak a gefen hanya kusa da Soba, injinsa yana tururi kamar tukunyar tuwo. Direba ya ce sai injin ya huce, kowa ya sauka ya miƙe ƙafa, amma duk wanda ya wuce sa'a guda to ya nemi wurin kwana. Ni da Baba muka sauko daga saman buhuna baƙi ƙirin, haƙoranmu kaɗai ke da haske. Hartum tana gabanmu kaɗan, ni kuwa ba na son mu isa.

Baba mai ƙona jan tubali ne a ƙauyenmu na bakin kogi, kusa da garin Hajj Abdalla, sana'ar da ya gada daga mahaifinsa. A gindin kamina na tashi, wato tarin ɗanyen tubalin da ake jerawa ya yi tsayin ɗaki a hura masa wuta ta ƙasa. Da asuba, kafin mu tafi makaranta, ni da ƙawata Hauwa'u mukan zaga garken shanu da kwando muna tsintar kashin da ake cakuɗawa da laka. Idan mun dawo da azahar mu juya tubalin da aka shanya, kowa da layinta, wadda ta riga gamawa ta hau bayan ɗayar har bakin ruwa. Da ragowar laka muke gina shanu da tukwane mu cusa su a bakin wutar Baba a ɓoye, mu yi carafke a inuwar mangwaro, mu faɗa magudanar ruwan gona da rigunanmu har sai Inna ta fito da tsumagiya. Ban san akwai wata duniya da ta fi wannan ba.

Sai kamina biyu a jere suka lalace wa Baba. Tubalin ya fito ja kamar kullum, amma in an buga biyu sai su yi wata ƙara a dushe, gefensu ya marmashe. Masu saye su zo su ƙwanƙwasa, su yi sallama su wuce gaba. Baba ya zargi itace, ya zargi iska, daga baya ya daina zargin komai. Mijin Gwaggo Hajara, yayar Baba da ke Hartum, ya samo masa aikin gadi a wani sito. Aka yanke cewa ni zan zauna wajen Gwaggo, Inna da ƙannena su biyo bayan damina. Ƙullin kayana yana saman lorin nan, har da ɗan bijimin laka da Hauwa'u ta ba ni tana kuka.

Wani fasinja ne ya nuna mana tuddai can gefe, ya ce kangon tsohon birni ne. Baba ba mai son yawo ba ne, amma na ja hannunsa saboda ina son duk abin da zai nisanta mu da lorin. Ba mu tarar da fada ko ganuwa ba. Tuddai ne kawai, da wasu duwatsu dogaye da aka sassaƙa suna kwance, da awaki suna kiwo. Na hau wani dutse na ce ni ce sarauniyar garin, na umarci awakin su kawo gaisuwa. Da na waiwaya sai na ga Baba a durƙushe. Ashe ƙasar da muke takawa duk gutsattsarin jan tubali ce, iya ganin ido.

Ya ɗauki guda biyu ya buga. Suka yi ƙara tas, kamar an taɓa kwanon sha da cokali. Ya sake bugawa, ya kai kunne. Ya tofa yawu a kan ɗaya ya tsaya yana kallon yadda yake shanyewa, ya kankare bakin karayar da farce, ya auna kaurin da yatsunsa. Mai gadin wurin, wani tsoho Balarabe mai sanda, ya taho da sauri yana cewa, "Ya Hajji, a nan ba a ɗaukar komai!" Baba ya ce shi ba ɗauka yake ba, gaisawa yake da masu sana'a. Tsohon ya yi dariya ya zauna, ya ce birnin na sarakunan Kirista ne, tun kafin a kafa sarautar Sinnar. Baba ya ce, "Ko su wane ne, sun san ƙasa."

Ya kira ni ya nuna mini cikin karayar. Babu rami, babu dunƙule, ya haɗe kamar ƙullin da aka tuƙa da kyau. "Rakiya, mi kika gani?" Na ce tubali na gani. Ya ce, "Wagga laka ta kwana." Sai ya faɗa mini, ko kuma ya faɗa wa kansa, cewa kakana yakan kwaɓa laka da kashin shanu ya bar ta kwana uku a rami, ana tattaka ta safe da yamma har ta yi tsami ta yi danƙo. Shi kuwa, da masu saye suka yawaita suna gaggawa, ya mayar da ita kwana biyu, sannan ɗaya, har ya kai ana kwaɓawa da safe a zuba a ma'aunin yin tubali da hantsi, kamar yadda kowa ke yi. A hankali abin ya zame masa, bai ma lura ba.

Direba ya danna oda. Baba ya ajiye gutsattsarin a daidai inda ya ɗauke su, ya kakkaɓe hannu, ya saɓa ni a kafaɗa yana gudu yana dariya, rabon da in ji dariyarsa tun kafin kaka. Muna hawa saman buhuna ya ce, "In mun isa kada ki kwance ƙullinki. Mu gaida Gwaggonki, jibi mu koma." Na yi ihu har wata mata ta ce ko kunama ce ta harbe ni.

Gwaggo ta yi faɗa, ta ce an kunyata mijinta, Baba ya ba da haƙuri ya ci tuwonta kwana biyu. Kaminar da ya hura bayan mun koma ta ɗauki lokaci fiye da ta kowa, maƙwabta suna yi masa ba'a wai yana jiran laka ta yi haƙori. Ranar da aka buɗe ta, mai saye na farko ya buga biyu, ya tafi neman amalanken da zai kwashi tubalin.

Yau tubali nake saye ina sayarwa, motoci suna ɗaukar mini daga kamina da yawa, kuma har gobe ba na karɓar kaya sai na buga biyu da hannuna. Yawancin masu gini sun koma bulon siminti, yaran ƙauyenmu ba su san warin ramin laka ba, Larabci ma ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Hanyar Soba ba ta biyuwa yadda take a da, Baba kuma ya daɗe da rasuwa a ɗakin da ya gina da tubalinsa. Har yanzu ɗakin bai tsage ba.