Tagar da Injiniya Ya Bari a Buɗe

Mai Tafireta ake ce mata har yau, ko da yake rabon ɗakin gwajin jinin nan da tafireta ya fi shekara goma sha biyar. Ta kama aikin tana budurwa, ta yi furfura a kujera ɗaya, kusa da firjin da ake ajiye kwalaben jini. Aikinta shi ne ta karɓi lambobin da na'urar gwaji ta fitar, ta mayar da su takardar da likita zai iya karantawa.

Mijinta ne mai kula da kwamfutocin wurin. Injiniya suke kiransa, alhali ko ƙofar jami'a bai taɓa takawa ba, kai ne kawai Allah ya ba shi. Da aka sayo sabuwar na'ura, lambobinta suka ƙi jituwa da tsohon tsari. Sai ya jawo kujera kusa da matarsa, ya buɗe wata baƙar taga a kwamfutar, irin wadda babu hoto babu abin latsawa, sai dai ka rubuta umarni ta bi. Umarnan dogaye ne, ba mai iya haddace su. Ya yini yana tattara su kashi-kashi, kowane kashi ya raɗa masa gajeren suna, ya koya wa tagar.

"Ki rubuta ɗebo, ta kwaso sakamako daga na'ura," in ji shi. "Tace, ta ware masu kuskure. Shanya, ta jera su a takarda."

"Wato a ofis ɗin ma kicin ka mayar da ni?"

Ya yi dariya har da tari. "Saura ɗaya. In kin gama, rubuta sannu."

Ta rubuta. Allon ya amsa: Sannu da aiki, Maman yara. Tashi ki miƙe ƙafa.

"Amma fa kar ki rufe tagar nan," ya ce yana saka hula. "Ban adana su a fayil ba, a kanta kawai suke. Bari a gwada su kwana biyu, ran Litinin in adana."

Ran Asabar ya yanke jiki ya faɗi yana ɗaura takalmi. Litinin ta zo, har an yi kwana biyu da binne shi.

Da ta dawo aiki ta tarar da tagar yadda ya bar ta. Ta buɗe wata daban don ta gwada, ta rubuta ɗebo, aka ce ba a san wannan umarnin ba. Ashe duk duniya wannan taga ɗaya ce ta san kalmomin mijinta, kuma ranar da aka rufe ta, ko kwamfutar ta mutu, shi ke nan.

Wata goma sha ɗaya tana gadinta. Ta naɗe fulogi da salatif. Ta liƙa takarda a gefen allo: DON ALLAH KAR A KASHE. In an ɗauke wuta, batirin kwamfutar minti ashirin yake riƙewa, ita kuwa da ciwon gwiwarta za ta gangara bene tana yi wa maigadi ihu ya tayar da janareta. Ban da kalmomin nan huɗu ba ta taɓa rubuta ko harafi ba, tsoron kar ta ɓata. Kullum kafin ta tashi sai ta rubuta ta huɗun, ta karanta, ta miƙe ƙafar kuwa. Sau uku tana roƙon manaja ya kawo wanda zai adana su.

"Haba Yaya," yakan ce, "abin da ke aiki lafiya, me za a gyara a cikinsa?"

Da ya tashi kawowa, ƙanin matarsa ya kawo, kuma ba don roƙonta ba, don firinta ce ta ƙi bugawa. Wani ƙato mai jakar goyo, waya maƙale a kunne. Ta tare shi tun daga ƙofa, ta yi masa bayani tiryan-tiryan: taga, kalmomi huɗu, ba a adana ba.

"To Mama. Na ji, Mama," yana gyaɗa kai, yana yi wa na cikin wayar dariya.

Aka kira ta ta kai wa likita wata takarda a ƙasa. Minti biyar ba ta yi ba. Ta dawo ta ga firinta na ta aman takardu, salatif a ƙasa, allon yana tashi sabo fil.

"An gama," in ji mai jakar. "Kashewa da kunnawa kawai take so. Kwamfuta wata goma sha ɗaya ba hutu, ai kun zalunce ta."

Ta zauna. Ta buɗe taga, ta rubuta ɗebo. Ba a san shi ba. Ya leƙo ta kafaɗarta, sai a lokacin ya cire wayar daga kunne.

"Kash! Ai da kin faɗa min. Layi ɗaya zan rubuta su adanu, ko minti ɗaya ba za a yi ba."

"Na faɗa maka, ɗan nan."

"Ba ki faɗa yadda zan gane ba."

Kai, wannan magana ta fi kashewar zafi! Layi ɗaya. Ita ta yi wata goma sha ɗaya tana tsere da janareta, ashe abin bai kai shan ruwa ba a wurin wanda ya sani, wanda ya sanin ne kawai ba a taɓa ganin ta isa a kira mata ba.

Gaskiya dai yaron ya iya aikinsa. Kwana biyu ya haɗa musu sabon tsari, latsawa ɗaya takarda ta fito, ya ma fi na da sauri. Manaja ya yi ta sa masa albarka a gaban kowa, ya juyo ya ce, "Yaya, kin huta da gadi." Ba wanda ya tambaye ta mece ce kalma ta huɗu, ita ma ba ta faɗa ba, don ta san dariya za su yi.

Tana nan a kujerarta har yanzu, tana latsa abin da aka ce ta latsa. Ƙarfe huɗu in kowa ya watse, takan buɗe baƙar taga ta rubuta sannu. Allon ya ce bai san wannan ba. Sai ta kashe kwamfutar da hannunta, ta ɗauki jaka.