Cibiyar da Na Kai wa Likita

A shekarar da ƙodar matata ta gaza, ni kaɗai nake kai ta Katsina wankin ƙoda, in dawo da ita Kusada. 'Ya'yanmu suna kudu wajen neman abinci. An gwada ni, aka ce tawa ba za ta yi mata ba.

Wata safiya ina sharar tsakar gida, aikin da a da nata ne, na ji a rediyo wai likitocin wasu ƙasashe suna ɗaukar ɗan ƙanƙanin abu daga jikin mutum, su rene shi a ɗakin gwaji har ya zama tsoka mai rai, da fatan wata rana a yi ƙoda da shi. Mai bayanin ya ce har a cibiyar jariri ana samun abin.

Karatuna bai wuce firamare ba, amma ba na yin abu sai na jera shi. Da farko, iri suke nema. Na biyu, iri sai ya bushe ake adana shi. Gero yakan shekara a rumbu, ruwa na taɓa shi ya tsiro. Na uku, a gidan su matata a Dudunni ba a yar da cibiyar jariri idan ta faɗi. Uwa ke ƙulle ta a tsumma ta ajiye.

Na hau mashin zuwa wurin yayarta, wadda kayan marigayiya uwarsu ke hannunta.

"Cibiya kuma?" in ji ta. "Kai da ko laya ba ka bari a rataya wa yaro?"

"Yaya, ba tsubbu zan yi ba. Asibiti zan kai."

Ta tona gindin wata tsohuwar kwalla, ta fito da ƙulli mai baƙin zare. "Ga tata. Tawa jan zare gare ta, kada ka yo mata ƙodar masifa irin tawa."

Washegari na bi layi a asibitin Kankiya, wurin likitan da ya fara gano ciwon. Na kwance tsumman a gabansa. Abin kamar busasshiyar kuɓewa. Na jera masa dalilaina, ya saurara har ƙarshe, bai yi dariya ba.

"Baba, hatsi idan ya bushe barci yake yi," ya ce. "Nama idan ya bushe ya mutu. Ɗanya suke nufi, ta ranar haihuwa. Kuma ko a can ba a kai ga ƙodar da za a sa wa mutum ba tukuna."

"Sai yaushe?"

"Allah ne masani."

Na ƙulle abina da kaina, kamar yadda na same shi.

Ban gaya wa matata ba, amma yayarta ta riga ta buga mata waya. Na same ta kwance, ƙafafu a kumbure.

"Malam, an ce ka kai ni asibiti ka bar ni a gida."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Sannan ta miƙo hannu. Ta daɗe tana juya ƙullin.

"Ashe Inna ta ajiye," ta ce. Ba ta tambayi abin da likita ya faɗa ba.

Ta rasu kafin a yanke gero. Masu wanka suka aiko a tambaye ni yadda za a yi da wani ƙulli da suka gani a bakin zanenta. Na ce a sa shi cikin likkafani, jikinta ne.

Da na dawo daga maƙabarta, na tarar an naɗe tabarmarta an jingine a bango. Ban san wanda ya naɗe ba, ban kuma shimfiɗa ba.