Ranar Da Na Ce Tana Nan Lafiya

Ko zan manta komai na zamana a Faransa, ba zan manta ranar da bakina ya tayar da wata baiwar Allah daga mafakarta ba.

Lokacin ina aikin girki a wani gida a garin Bron, inda ake ɓoye matan da suka gudo wa duka da barazana. Tun ranar farko shugabar gidan ta kafa mini doka: ba a faɗin inda gidan yake, ba a kuma nuna an san wadda ke ciki. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ashe ban san halina ba.

Cikin matan akwai wata 'yar Afganistan, malama ce a ƙasarsu kafin a rufe makarantun 'yan mata. Da suka iso Faransa mijin ya ci gaba da kulle ta a ɗaki, har Allah ya ba ta sa'a ta sulale. Takan shigo madafa ta taya ni yankan albasa, littafin Faransanci a buɗe gefenta. Saura mako biyu ta zauna jarrabawar da za ta ba ta damar shiga jami'ar da ke kusa da mu.

Wata Asabar na je unguwar La Guillotière sayen shinkafa. Ina fitowa daga kanti wani mutum mai natsuwa ya yi mini sallama, cikakkiya, hannu a ƙirji. Ni kuwa 'yar Damagaram, a yi mini irin wannan sallama a tsakiyar ƙasar Turawa? Na dire buhu na amsa. Ya nuna mini hotonta a waya, ya ce da guntun Faransancinsa, "Hajiya, ƙanwata ce. Mahaifiyarmu ta kasa cin abinci. So nake kawai in ji ko tana lafiya."

"Ai tana nan lafiya lau, alhamdu lillahi," in ji ni.

Kafin in rufe baki na san na yi ɓarna. Mu haka muka tashi, in an tambayi lafiyar mutum amsa kan fito ne ba shawara. Ya yi godiya ya ja baya. Da na hau tram, jirgin ƙasa na cikin gari, sai ga shi a ƙofar baya, yana kallon waje. Na wuce tasharmu da gangan, na sauka can gaba, na shige wani shagon magani, na kira shugabar na faɗa mata gaskiya.

Ashe ƙanin mijin ne, ita ba ta da wa ko ɗaya. Tunda ya riga ya san unguwar, washegari da safe aka sa ta a jirgin ƙasa zuwa Paris, wani gidan da ni ma ba a gaya mini ba. Jarrabawar ta wuce ta, sai wata shekara.

Kafin ta tafi ta leƙo madafa. Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai. Ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, ko uwata haka za ta amsa masa. Shi ya sa ya zaɓi mai lulluɓi irinki." Na yi kuka har shinkafa ta kama.

Ranar na koyi cewa kirkin da aka raine ni da shi yana iya cutar da wadda nake karewa. Har yau ina amsa sallama. Amma in aka nuna mini hoto, ko na wadda na zuba wa abinci da safe ne, sai in duba da kyau in ce ban san ta ba.