Allon Gem da Ya Kusa Raba Ni da Aure

Akwai ranar da ko tsufa ya cinye ni ba za ta fita daga kaina ba, ranar da wani soja ya zauna a kujerata, ya ɗan motsa linzamin kwamfuta, ya kwance mini zani a kasuwa.

A lokacin ina da ɗan shagon gem a bayan tasha a nan Zuru, inda samari ke zuwa buga ƙwallo da wasan harbi a kwamfuta. Ina kuma neman auren wata yarinya mai ɗaukar hoton biki. Takan hau babur ta je ɗaurin aure ko taron coci har Ribah da Mahuta, ta dawo ta zauna gyaran hotuna. Da yake kwamfutata ta fi tata ƙarfi, da safe ita ke aiki a shagon, da rana samari su karɓa. Da tsohon allon kwamfutar ya mutu, sai muka haɗa hannu za mu sayi sabo guda ɗaya.

Iri biyu ne ƙarfinmu zai iya kaiwa. Akwai mai kaifin hoto, wanda za ka iya ƙirga zaren leshi da gashin girar amarya a cikinsa. Akwai kuma mai sauri. Allo na yau da kullum yana sabunta hoto sau sittin a daƙiƙa, shi kuwa wannan ya ninka haka har da ɗoriya, sai motsi ya riƙa tafiya sumul, mai wasan harbi ya riga abokin karawarsa gani. Ita mai kaifin take so, don da shi za ta ci abinci. Ni kuwa zuciyata ta riga ta tafi wajen mai sauri, kuma Allah ya hore mini baki. Na yi ta cika mata kunne da bayanan da na haddace daga bidiyon intanet, rabinsu ni kaina ban gane su ba. Ƙarshe ta gaji ta ce, "To, kai ka san kan abin. Sayo wanda ka ga ya fi."

Ranar da direban da na ba sautu ya kawo shi, shagon ya cika har waje. Na jona waya, na kunna gem, na juya ɗan wasan hagu da dama, na waiwayo ina murmushi. "Kun gani? Kamar man shanu!" Wani ya ce wallahi har jiri yake ji don santsi. Wani ya ce tsohon allon ashe cutarmu yake yi. Ni ma na gani, ko in ce na rantse na gani. Daga ranar wasana ya ƙara kyau, na riƙa cin mutane, ina danganta komai ga allon.

Ita ce kaɗai ta ɓata mini shagali. Ta matso, ta ƙura ido, ta ja baya, ta sake matsowa. "Ni fa ban ga bambanci ba," in ji ta. "Da wanga da tsohon duk ɗaya ne a wurina."

Da ina da hankali da na tsaya na duba. Amma ga samari suna kallo, ga girman kai ya hau ni. Na yi dariya na ce, "Ai ba kowane ido ke kama shi ba. Kowa a nan ya gani sai ke. Ki dai je a duba miki idon nan." Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi ɗan murmushi. Kuma ban tsaya nan ba. Duk baƙon da ya shigo sai na nuna masa allon, in ya gyaɗa kai in ce mata, "Kin ji ko?" Na mai da abin wasa, ban lura ta daina mayar mini da martani ba.

Haka muka tafi har kaka ta yi, aka fara yankan dawa. Yayanta, wanda soja ne a sashen sadarwa, ya zo hutu. Mahaifinsu ya rasu, don haka maganar aurenmu a hannunsa take, in ya ce a'a to an gama. Wata ranar Asabar da rana tsaka, shago cike, sai ga shi ya shigo, ita tana bayansa. Bai amsa gaisuwata da kyau ba.

"Kai ne likitan idon?" ya tambaye ni.

Na ce, "Yaya, wane likita kuma?"

"Inna ta kira ni tana kuka, wai ƙanwata za ta makance. Yarinyar ta je asibiti an duba an ce lafiya lau, ta ƙi yarda, ta sake zuwa wani. Ta fara mayar da aikin mutane don tsoron kada ta ɓata musu hoto. Na ce mi ya kawo wanga magana, aka ce wani allo ne a nan da kowa ke gani ban da ita. Tashi in gani."

Ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Amma bakin nan nawa bai san ranar hutu ba, na fara yi masa bayanin sauri da santsi. Bai ko kalle ni ba. Ya zauna, ya rufe gem ɗin, ya shiga wurin saitin allo, ya nuna da yatsa. "Karanta wa jama'a."

Sittin. Ashe irin wannan allo ba ya hawa saurinsa da kansa, sai an shiga an zaɓa masa. Tun ranar da aka kawo shi yake tafiya daidai da tsohon da ya mutu. Duk man shanun nan da jirin nan, a cikin kawunanmu suke. Na waiga neman wanda ya ce yana jin jiri, sai na hango ƙeyarsa a bakin ƙofa.

Yayan ya zaɓi babbar lambar saurin da ke cikin saitin, allon ya yi duhu ya dawo, ya ja linzamin daga wannan gefe zuwa wancan. Kafin kowa ya buɗe baki, ita ta yi magana daga inda take tsaye a baya, a hankali.

"Yanzu na gani."

Ta share ido da bakin gyalenta, ta dube ni. "Ban gaya maka na je asibiti ba don ina tsoron ka ce ba ka auren makauniya."

Kunyar samari ba ta dame ni ba a lokacin, wannan maganar ce ta karya ni. Na durƙusa a nan gaban kwastomomina na ba ta haƙuri, ban nemi wata kwana-kwana ba, don babu. Yayan ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya ce, "Kakanninmu shekaru suke yi suna golmo, suna noma wa surukai kafin a ba su mata, don a ga mutum ko baki ne da shi ko hannu. Dawar Inna ta nuna. Jibi ka zo da lauje."

Na je. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi linzami nauyi ba, na yi yankan dawa har tafin hannuna ya yi bororo, ita kuwa ta zo da kyamararta ta ɗauke ni ina haki, hoto tangaran ba ko gizo. Bayan an kai amfani rumbu yayan ya sa mana rana.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya ishe ni zaman aure. Mutane da yawa za su gyaɗa maka kai don ka yi magana da ƙarfi. Idan wanda ke ƙaunarka ya tsaya shi kaɗai ya ce bai gani ba, kada ka tura shi asibiti. Ka fara zama ka duba ko akwai abin gani.