Baturan Kawu

Jiya na tsinci ruɓaɓɓen batir, warinsa ya tuna min da kawuna na Basirka. Zamanin kuɗin man fetur, ɗansa ya tafi Legas, ya yi alkawarin gaishe shi ta rediyo. Kawu yakan shanya tsofaffin batura a rana, ya jera su cikin gora, ya haɗa da rediyonsa.

"Jerawa tana ƙara ƙarfin wuta," in ji shi, "amma ba ta cika abin da ya ƙare."

Wata Juma'a ana fara gaishe-gaishe rediyon ya mutu. Ya ce, "Wataƙila yanzu ake kirana."

Ni nakan saurara a maƙwabta, ba a taɓa kiransa ba. Da Kawu ya rasu, ɗan ko jana'iza bai zo ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu. Shi kuwa na bar shi da Allah.