Gidan Inna a Cikin Tele

Lokacin hutun lakwal ne, wato makaranta, ina da shekara goma sha biyu, Kawu ya sauka gidanmu a Konni. Direban babbar mota ne, motar ta lalace, aka ce gyara sai sati biyu. Cikin kayansa akwai wata na'urar wasa mai launin toka da kaset guda, ya sayo wa 'ya'yansa a Sakkwato. Ya jona mana ita da tele ya ce, "Ku more, amma ranar da mota ta tashi, da ita zan tafi."

Wasan wani jarumi ne gajere kamar turmi, da takobi, yana ratsa daji da koguna neman wani dodo mai fukafukai. Ni da yayana muka rantse sai mun ga bayan dodon nan kafin Kawu ya tafi. To amma rubutun duk Ingilishi ne, mu kuwa Faransanci muke koyo, shi ma da ƙyar. Ga ɗaukewar wuta. Da ta ɗauke, shi ke nan, mu koma farko kamar ba mu taɓa yin komai ba. Kai, na sha kuka!

A kowane gari na wasan akwai wani gida da haruffa uku a ƙofa, INN, da wata mata a ciki. Muka ce ai "Inna" suka so rubutawa, wuri ya gaza. Yaya ya hana a shiga. Wai namiji da takobi ba ya gudu bayan uwarsa.

Kwana tara muna abu ɗaya. Ran nan da hantsi Innarmu tana tsintar wake a bakin ƙofa, ta ji ina cewa ga gidan Inna mun sake wucewa.

"Wace Inna?"

"Uwar jarumin ce, Inna."

"Kuma ya wuce bai gaishe ta ba? To don me ba za a riƙa kashe shi ba? Maida shi maza, mara kunya!"

Yaya ya turo baki, ni kuwa na fizge abin latsawa na shigar da jarumin. Matar ta yi wata magana, na latsa, tele ta yi baƙi ƙirin. Yaya ya ce, "Kin kashe shi!" Sai ga wani kiɗa mai daɗi, jarumi ya farka, ƙarfinsa ya cika fal. Da wuta ta ɗauke ta dawo kuwa, a gaban matar muka same shi, da takobinsa da komai nasa. Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Albarka ke nan."

Sai da na girma na san masauki kalmar take nufi. Ban taɓa gaya mata ba.

Ranar tafiya Kawu ya shigo da jakarsa, ya tarar muna gaban dodon, Yaya na ta latsawa, ni ina ihun "Sara! Sara!" Ya ajiye jakar ya tsuguna. Dodon ya yi ja, ya yi fari, ya watse. Inna ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa har sau uku.

Kafin mu gama tsalle, matan maƙwabta sun cika zaure suna tambaya wa ya haihu.