Koriyar Baba Labaran

Abdoul Karim ɗan Djougou ne, amma shekara ashirin da shida ke nan yana zaune a Zongon Parakou, yana aikin tsara lodi a Gare, tashar manyan motoci. Shi ke cewa wannan babbar mota ta shiga, waccan ta jira. Direbobi suna gaishe shi da ladabi, su zage shi bayan sun wuce, kuma duka biyun yana sane. Abin da suka kasa gane masa shi ne, mutum da furfura a gemu, ya wuni cikin motoci, ya koma gida kuma ya zauna ƙera wasu da gwangwanin tumatir da na madara.

Ba na sayarwa ba ne, ba kuma na yara ba ne. Ƙofofinsu suna buɗewa, sitiyari yana juyawa, tayoyi kuwa daga tsofaffin silifa yake yanka su. Guda goma sha ɗaya ne jere a kan kabad, kuma ko ɗaya ba ta ga fenti ba. Matarsa Ramlatou takan ce duk mai son sanin irin tumatirin da suke miya da shi ya je ya karanta a jikin motocin maigida.

Ƙira ba ta ba shi wahala, ko a bakin ƙofa yana yi. Fenti ne matsalar. Fenti yana son ɗaki a rufe da lokacin da babu mai kiran mutum, kuma Abdoul Karim bai da ko ɗaya. Ya taɓa gwadawa a tsakar gida: ƙuda uku suka maƙale a kan rufin motar, ga ɓurɓushin audugar da manyan motoci ke zubarwa a gari, sannan kaza ta bi ta kai ta sa hannu. Lahadi ce ranar hutunsa, amma Zongo ba ta barin Lahadi ta tafi a banza. In ba suna ba, ɗaurin aure. In ba shi ba, sadakar bakwai.

Mota ta goma sha biyu ita ce ta hana shi sukuni. Koriya ce, motar Baba Labaran, mutumin da ya ɗauke shi aparanti, wato yaron mota, yana ɗan shekara goma sha bakwai, suna jigilar goro da doya daga Djougou zuwa Malanville. A wurinsa ya koyi tuƙi, ya koyi cin abinci a tsaye. An daɗe da yanka Koriya an sayar da ƙarfenta, amma Abdoul Karim yana riƙe da ita a ka har ƙusa, ya kuma ƙera ta daidai, in ban da wuri ɗaya.

Wata rana a Kandi, Baba Labaran ya shiga masallaci, Abdoul Karim ya hau kujerar direba don ya ji yadda take. Ya ji kuwa, don bishiyar mangwaro ce ta tsayar da shi, ta lotsa ƙarfen da ke saman tayar gaba ta hagu. Da maigida ya fito, sai ya ce masa wata mota ce ta goge su ta gudu. Baba Labaran ya duba, ya ce, "To." Bai taɓa gyara wurin ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Abin ya zauna wa Abdoul Karim a rai shekara talatin da wani abu. Da ya zo ƙera wurin da gwangwani, sai ya bar shi sumul, don a ganinsa ba dole mutum ya sake ƙera abin kunyarsa da hannunsa ba.

Ana nan sai Saadatou, 'yar Baba Labaran, ta bugo waya. Ta ce jikin tsoho ya yi nauyi, idanu ma sun yi nisa, mai niyyar zuwa ya zo. Abdoul Karim ya ce yana nan tafe da zarar fenti ya bushe, don so yake ya kai wa tsoho Koriyarsa a fente. Maganar idanu kuwa, abin da ya fahimta shi ne a nemo kore mai haske sosai.

Ya fara da ɗakin kwana. Washegari masu sayen furar Ramlatou suka riƙa tambaya ko ta sake mai kawo mata nono ne. Ba ta yi faɗa ba. Ta kwashe gwangwanayen fentin ta jera su a bakin zaure, ta ɗora hularsa a kai. Daga nan ya roƙi ladan ɗakin ajiyar tabarmi na masallacin unguwa. Kwana biyu aka yi ana sujada a kan warin fenti, sai liman ya yi nasiha bayan la'asar game da haƙƙin hancin ɗan'uwa Musulmi, bai ambaci sunan kowa ba, sahu guda dai ya waiwaya.

A bayan Gare ya samu ɗaki. Wata matacciyar babbar mota ce, ba taya ba inji, amma gilasanta lafiya lau. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da direbobi ke barci a ƙarƙashin motocinsu, sai ya shiga wurin zaman direba ya ja ƙofa, ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya ɗora Koriya a kujerar aparanti. Gumi yana bin gwiwar hannunsa, yana kauce masa kada ya ɗiga. Shafe uku ya yi cikin mako uku. Saadatou ta sake kira sau biyu, na biyun ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, kuma a nan ne tsoro ya kama shi da gaske.

Ya shiga motar Djougou da kwali a cinya, bai yarda an sa shi a baya ba. Ya tarar da Baba Labaran jingine da filo, ya rame, idanu a buɗe suna kallon wani wuri kusa da ƙofa. Sai a lokacin Abdoul Karim ya gane abin da Saadatou take nufi. Mako uku na gumi, ga kore yana sheƙi, kuma tsohon ba ya ganin ko fitilar ɗakin.

Ya dai ɗora masa ita a cinya. Yatsun tsoho suka bi rufi, suka buɗe ƙofa suka rufe, suka ƙirga tayoyi. Fuskarsa ta saki, ya kira sunanta. Sannan yatsun suka gangara gefen hagu, saman tayar gaba, suka tsaya. Suka koma suka sake dawowa.

"Abdou, wannan ba tawa ba ce," in ji shi. "Tawa tana da lotsawa a nan."

"Baba, na gyara ta ne."

"Wa ya sa ka? Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa ta haka, kuɗin gyara ne ba ni da shi?"

Abdoul Karim ya sunkuyar da kai. Maganar da ya riƙe tun Kandi ta fito da kanta. Ya ce babu wata mota, shi ne ya yi.

"Ina raka'a ta biyu na ji ƙarar," in ji Baba Labaran. "Na san motata, na san ƙafar da ta taka ta. Kullum na ga wurin sai in ce yaron nan zai yi tuƙi, birki kawai ya rage masa. Maida min ita."

Abdoul Karim ya karɓi motar, ya dubi fentin da ko ƙuda bai taɓa ba. Ya sa babban yatsa ya danna. Gwangwanin ya shige, koren ya tsage. Ya miƙa wa tsoho, hawaye suna sauka cikin gemunsa, Saadatou ta juya ta kama gyaran labule.

Baba Labaran ya shafa wurin a hankali, ya miƙo masa ita kuma.

"Ƙara kaɗan," ya ce. "Da gudu ka shiga bishiyar nan."